Sharhi: Yaran Icirnawa ma na da haƙƙin tsayawa kan layin tashi

Kowace shekara daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, lokacin da hunturu ke kaɗawa a Damagaram, ƙasashen Turai kan shagala da wani wasa mai suna biyatalon. Wasa ne da ya haɗa gudun zamiya kan dusar ƙanƙara da harbin bindiga. Ya samo asali daga atisayen sojojin Nowe da Suwidin, ya shiga gasar Olimfik ta lokacin sanyi a 1960, mata kuma suka fara fafatawa a cikinsa a 1992. Babu ƙanƙara a Nijar, kuma ba mu kira a sayo ta. Abin da ya ja hankalinmu shi ne wani rukuni na wasan, wanda za mu kira tseren tashi-tare.

A wannan tsere, wanda aka shigar Olimfik a birnin Turin na Italiya a 2006, 'yan wasa 30 ne ke jeruwa su tashi lokaci guda. Maza na yin kilomita 15, mata 12.5. Sau huɗu kowa ke tsayawa ya yi harbi, biyu a kwance, biyu a tsaye, kowane karo harsashi biyar ga abin bara biyar da ke nesan mita 50. Wanda ya kuskure ɗaya, sai ya yi zagayen tara na mita 150 a gaban 'yan kallo kafin ya koma hanya. Wanda ya fara isowa shi ya ci. Haka aka gani a Koriya ta Kudu a 2018, inda sai da aka duba hoto kafin a tabbatar Martin Fourcade na Faransa ya riga Simon Schempp na Jamus tsallaka layi.

Abu biyu muka ɗauka daga nan. Na farko, ƙa'ida a fili take, ba a buƙatar alƙali ya faɗa wa ɗan kallo wanda ya yi nasara. Na biyu, waɗannan 30 ba alfarma ta kawo su ba. Sakamakon da suka tara a gasannin baya ne ya ba su gurbi, kuma kusan kowanensu a ƙaramar ƙungiyar garinsu ya faro tun yana yaro.

Nijar ta san wannan hanya, domin ita ce ta raya kokawa. Tun 1975 da aka fara gasar Takobi a Tawa, ɗan kokawa kan fito daga dandalin ƙauye, ya bi ta gunduma, ya shiga cikin goman da jiharsa za ta tura, har ya tsaya gaban 'yan ƙasa baki ɗaya. Ta wannan tsani Issaka Issaka na Doso ya hau har sunansa ya zama abin faɗa a kowane gida. Manomi ya san idan ɗansa na da ƙarfi, akwai inda za a gan shi.

To, ina tsanin mai gudu? Ina na mai tseren keke? Tun 1964 Nijar ke zuwa Olimfik, amma lambobi biyu kacal ta samo: tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972, da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a tekwando a 2016. Ba ƙarancin gwanaye ba ne. Yarinyar da ke tafiyar kilomitoci kullum tsakanin gida da makaranta, da saurayin da ke tuƙa keke ɗauke da kaya zuwa kasuwar Matamaye, ba wanda ya taɓa riƙe musu agogo. Idan zaɓen 'yan wasa ya tsaya a Yamai da manyan birane, to an rufe tseren tun kafin a busa usur.

A yankin Kance maganar ta wuce wasa. Da an kawar da amfanin gona, aiki kan yanke, mutane su kama hanyar ci-rani. Ba a manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutane 92 a hamada kan hanyar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawansu daga wannan yanki. Ba mu ce tsere zai ciyar da gida ba. Amma gari da ke da abin da zai tara matasansa da rani, ya ba su abin buri, ya fi wanda ya bar su da zaman kashe wando da jiran mota.

Don haka muna kira ga hukumomin Icirnawa da sauran ƙananan hukumomin gundumar Kance, tare da sarakuna da shugabannin makarantu, su sanya ranar tsere sau ɗaya a shekara bayan girbi. A buɗe wa kowa, ba kuɗin rajista, a raba rukuni bisa shekaru, 'yan mata su samu nasu. Fili, igiya, usur, ruwan sha da ma'aikacin lafiya sun isa a fara. Mai son a haɗa da gwajin saiti, baka da kibiya na mafarauta na nan. A halin tsaron da ake ciki, bindiga ba ta da wuri a filin wasan yara.

Sharaɗi ɗaya ne ba za a sassauta ba: a rubuta sunaye da lokacin kowa, a kafe a fili, waɗanda suka yi fice su wuce Matamaye, daga nan Damagaram. Kada a sauya sunan ɗan talaka da na ɗan wani, kada a rage wa kowa shekaru. Ma'aikatar matasa da wasanni da hukumar wasannin guje-guje ta ƙasa su aiko masu ido, su kuma ɗauki nauyin waɗanda aka zaɓa.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A ja layi a Icirnawa, a bar yara su tashi tare.