Daga Bakolori Zuwa Hukumar Zaɓe: Da Me Za a Auna Ilimin Jega?

Duk inda aka ambaci Farfesa Attahiru Jega, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne zaman tattara sakamakon zaɓen 2015 a Abuja, ranar da wani ɗan siyasa, Godsday Orubebe, ya tashi yana ta hargowa, shi kuwa ya zauna shiru har ya gama. Ana ta yabon haƙurinsa, an manta da cewa mutumin malamin kimiyyar siyasa ne, kuma a ganina ba za a fahimci abin da ya yi a hukumar zaɓe ba sai an koma ga abin da ya bincika tun yana matashi. Digirinsa na uku a Jami'ar Northwestern ta Amurka, a 1985, kan aikin noman rani na Bakolori ya yi shi, kusa da Talata Mafara, inda aka karɓe gonakin manoma, da suka tsaya kai da fata kan diyya kuma 'yan sanda suka buɗe musu wuta a 1980. Wanda ya zauna ya bi diddigin wannan al'amari ya ga yadda hukuma ke iya fakewa da sunan ci gaba ta danne talaka, da yadda doka ke zama takarda kawai idan babu wata cibiya mai ƙarfin tilasta a bi ta.

Wannan darasi ne ya riƙa aiki da shi. Da yake shugabantar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU daga 1988 zuwa 1994, gwamnatin Babangida ta haramta ƙungiyar, ta tsare shi, amma yarjejeniyar da ƙungiyar ta ƙulla da gwamnati a 1992 ce ta haifar da asusun harajin ilimi wanda yau ake kira TETFund. Dubi ɗakunan karatu da na gwaje-gwaje da ke ɗauke da tambarin asusun nan a jami'o'i da kwalejojinmu. Wani ɗalibin ma a cikinsu yake zaune bai san tushensu ba. Bayan ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya kuma zauna a kwamitin Mai Shari'a Uwais na gyaran tsarin zaɓe, sai ya karɓi shugabancin hukumar zaɓe ta INEC a 2010. Sabuwar rajista mai hoton yatsa, katin zaɓe na dindindin, na'urar tantance masu ƙuri'a, ɗora malaman jami'a a kan bayyana sakamako, duk abu ɗaya suke nufi, wato a rage wa mai riƙe da mulki ikon yin abin da ya ga dama a ɓoye.

Wasu malamai za su ce wannan ba bincike ba ne, gudanarwa ce, kuma a fagen rubutu bai kamo ƙafar masana irin su Claude Ake ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan: littafin da ya tace a 2000 kan siyasar ƙabilanci da addini a zamanin shirin tsuke bakin aljihu na SAP ana karanta shi, sai dai bai kafa wata mazhaba ba. To amma kimiyyar siyasa fanni ne da ke nazarin iko, kuma ra'ayin da aka fitar daga aji aka gwada a kan miliyoyin masu jefa ƙuri'a ya sha jarrabawar da babu mujallar da za ta iya yi masa.

Suka mafi nauyi ita ce gwajin bai tsira daga aibi ba. An ɗage zaɓen 'yan majalisa a Afrilun 2011 bayan mutane sun riga sun hau layi, rikicin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa ya ci ɗaruruwan rayuka a Arewa, kuma a 2021 kotu a Akwa Ibom ta ɗaure wani farfesa da aka ɗora a kan bayyana sakamako saboda murɗe shi. Wannan abin takaici ne ƙwarai. Sai dai a lura, an iya kama shi ne saboda akwai takardun sakamakon da za a gwada da abin da ya bayyana. Abin da ya rage wa sassan kimiyyar siyasa a Bayero da Zariya da Sakkwato shi ne su tura ɗalibansu rumfunan zaɓe da ƙauyuka, su gano inda gyare-gyaren nan suka kama da inda suka suɓuce, su kuma rubuta wani ɓangare da Hausa domin jikokin manoman Bakolori su karanta.