Kura Da Shan Bugu: Wa Ke Da Alhakin Ran Da Ya Salwanta A Ɗakin Farfaɗowa?

A kowane babban asibiti akwai ɗaki guda da dangi ba sa shiga sai da izini, wato ɗakin farfaɗowa, inda ake kwantar da wanda numfashinsa ya koma hannun inji, da wanda aka fito da shi daga babbar tiyata, da wanda haɗarin mota ya ragargaza. Likita yakan shigo ya duba, ya rubuta, ya fita. Wanda ke kwana a tsaye gaban gadon yana ƙidayar bugun zuciya da ɗigon ƙarin ruwa shi ne ma'aikacin jinya. Saboda haka ran da abu ya ɓaci, sunansa ne a takardar gadi, hannunsa ne ya riƙe allura, kuma shi ɗan sanda ke fara nema. Magabatan asibiti sun daɗe da gane amfanin wannan tsari: a miƙa wa jama'a ƙaramin ma'aikaci su huce haushi, manya su koma ofis.

Wanda ke shakka ya dubi abin da ya faru a Amurka, ƙasar da ba a rasa kuɗi ko kayan aiki. Ranar 26 ga Disamba 2017, a asibitin jami'ar Vanderbilt da ke birnin Nashville, aka umurci wata ma'aikaciyar jinya ta ɗakin farfaɗowa, RaDonda Vaught, ta yi wa wata dattijuwa mai shekara 75 allurar kwantar da hankali kafin a ɗauki hoton jikinta. Sunan maganin Versed. Ta je wurin akwatin magani mai aiki da kwamfuta, ta buga haruffa biyu na farko, maganin bai fito ba, domin an jera shi da ɗaya sunansa, midazolam. Sai ta danna maɓallin da ke tsallake binciken na'urar, ta ɗauko vecuronium. Wannan magani yana shanye naman jiki gaba ɗaya, har da wanda mutum ke numfashi da shi, ba tare da ya gusar da hankali ba. Shi ya sa ba a yin sa sai ga wanda za a haɗa da injin numfashi. Ta yi allurar, ta tafi. Washegari dattijuwar ta cika.

Babu mai hankalin da zai wanke wannan mata. A kan murfin kwalbar an rubuta gargaɗi. Maganin da aka aike ta ruwa ne, wanda ta ɗauko gari ne da sai an dama. Ba ta karanta suna ba, ba ta tsaya ta ga yadda jikin majinyaciyar zai karɓa ba. Amma da ta gane kuskurenta, nan take ta faɗa da bakinta, ba ta ɓoye komi ba.

To, shi asibitin me ya yi? Ya kore ta a watan Janairun 2018. An shaida wa likitan gwamnati mai binciken gawa cewa mutuwar ta ciwo ce. Ba a kai rahoton kuskuren ga hukumomin jihar ba, alhali doka ta wajabta. An sasanta da iyalan mamaciyar a asirce, da sharaɗin su kama bakinsu. Ba don wani da bai bayyana sunansa ba ya tsegunta wa hukuma a watan Oktoban 2018, da maganar ta bi ruwa. Ita kuma ma'aikaciyar ta yi bayanin cewa a lokacin tsallake binciken na'urar ya zama ruwan dare a asibitin, saboda tangarɗar da tsarin kwamfutarsa ke yi. Duk da haka, a 2019 ita aka kama, a 2021 ita aka ƙwace wa izinin aiki, a watan Maris na 2022 ita kotu ta samu da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka yanke mata shekara 3 na zaman talala. Babu shugaban asibitin ko ɗaya da ya tsaya gaban alƙali. Wadda ta faɗi gaskiya ta sha bugu, waɗanda suka rufe ta suka ci gaba da karɓar albashi.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin nesa ne. A daren 25 ga Mayu 2022 gobara ta tashi a ɗakin jarirai na asibitin Tiwawan, a ƙasar Senegal, ta kashe jarirai 11. Hukumomi sun ce haɗuwar wayoyin lantarki ce ta jawo ta. Shekara guda kafin nan, a Afrilun 2021, jarirai 4 sun mutu a irin wannan gobara a asibitin Lingere, cikin ƙasar dai. Shugaba Maki Sal ya sauke ministan lafiya, wannan gaskiya ne. Amma minista gidansa ya koma, ma'aikatan da ke gadi a daren kuwa, ungozoma da mai jinya, suna cikin waɗanda aka tsare. Idan sun bar bakin aikinsu, su amsa. Sai dai ba su suka ja wayar ba, ba su suka sa hannu a kan kwangilar ba, kuma ba su aka yi wa ishara da gobarar farko ba.

A nan ne wasu shugabannin sandika ke zamewa zuwa wani kuskuren. Da zarar an taɓa ɗan ƙungiya sai a kira yajin aiki, a ce ma'aikacin jinya ba ya laifi, rashin kayan aiki ne. Wannan magana ma ƙarya ce, kuma ƙasar Jamus ta ga ƙarshenta. Niels Högel ma'aikacin jinya ne a ɗakunan farfaɗowa na asibitocin Oldenburg da Delmenhorst. Yakan yi wa majinyata allurar da ke tsayar da zuciya domin ya zo ya farfaɗo da su a yaba masa. Abokan aikinsa sun lura cewa zukata na yawan tsayawa a lokacin gadinsa. Asibitin farko ya rabu da shi da takardar yabo, ya wuce na biyu ya ci gaba, har aka kama shi a 2005. A 2019 kotu ta same shi da laifin kashe mutum 85. Rufa wa abokin aiki asiri a irin wannan ɗaki ba zumunci ba ne, haɗa baki ne da mai kisa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Alhakin da ke wuyan mai jinya sananne ne, kuma talaucin asibiti ba ya sauke shi. Ya karanta sunan magani da ƙimarsa da sunan majinyaci kafin ya soka allura. Ya tsaya ya ga abin da allurar ta haifar. Ya rubuta abin da ya yi a sa'ar da ya yi shi, kada ya zauna da asuba yana cike takarda da lambobin da bai auna ba. Idan likita ya rubuta abin da zai yi illa, ya koma ya tambaye shi, domin cewa “umurni aka ba ni” ba ta fitar da kowa a gaban shari'a. Kada ya bar gado sai ya damƙa wa wani. Kada ya kai ciwon majinyaci hira a bakin kasuwa ko ya ɗauki hotonsa a waya. Kada ya jinkirta wa mai shure-shuren mutuwa don danginsa ba su miƙa goro ba. Tun daga kundin hukunta laifuka na 1961 dokar Nijar ta san kisa ba da gangan ba, ta san laifin ƙin agaza wa wanda ke cikin haɗari, ta san tona asirin sana'a. Farar riga ba ta kare kowa daga waɗannan.

Amma doka mai adalci takan tambayi wanda ya ɗora kaya kafin ta tambayi wanda ya faɗi da su. A Faransa, ƙasar da Nijar ta gaji tsarin asibitocinta, dokar 2002 ta wajabta ma'aikatan jinya 2 ga kowane majinyata 5 a ɗakin farfaɗowa. Shugaban da ya bar mutum ɗaya da gadajen da suka fi ƙarfinsa har gari ya waye, shi ne ya fara sakacin. Jama'ar Nijar ba su manta ba da watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar lantarki, ba ta maido ba sai a Maris na 2024. Injin numfashi ba ya jiran siyasa. Idan wuta ta ɗauke, injin wutar asibiti babu mai, tukunyar iskar oksijan ta ƙare, wane alƙali ne zai ce laifin na wanda ke matsa jakar iska da hannunsa ne? Akwai wanda aka ba kuɗin man, akwai wanda ya ci kwangilar tukwanen, kuma dukansu suna da suna.

Hukunta mai kuskure da ya faɗi gaskiya yana da tsada, kuma majinyata ne ke biya. Ma'aikacin da ya ga ƴar uwarsa ta amsa laifi ta ƙare a kotu, gobe idan ya yi nasa kuskuren zai yi shiru, a ce wa dangi kwana ne ya ƙare. Kwalbar da ta ruɗe shi tana nan inda take, tana jiran na gaba. Wannan tsoro ne ya sa jihar Kentaki ta Amurka ta yi doka a 2024 da ta raba kuskuren aiki da mugun sakaci ko ganganci, ta bar hukuncin laifi ga na biyun.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowace gwamnati ba. A rubuta yawan gadajen da mai jinya ɗaya zai riƙe, a manna a ƙofar ɗaki. A ware magunguna masu shanye jiki a akwati dabam, kada a taɓa su sai da idon mutum biyu. A buɗe littafin da ake rubuta kowane kuskure, wanda ya rubuta nasa a gyara masa, wanda ya ɓoye a hukunta shi, ko da shugaban asibiti ne. A faɗa wa dangi gaskiyar abin da ya kashe musu mutum. Kuma idan magana ta kai kotu, alƙali ya kira mai gadi, ya kira mai rabon gadi, ya kira mai riƙe da kuɗi.

Ɗan kasuwa da babban ma'aikaci suna iya tunanin jirgi zai kai su Tunis ko Alƙahira ran da ciwo ya zo. Bugun zuciya da haɗarin hanya ba sa jiran biza. Daren farko a wannan ɗaki za a yi shi, a hannun wannan ma'aikaci da ya kwana bai runtsa ba. Gara a tambayi magabata yau: mutum nawa aka bar masa, kuma akwai mai a injin wuta?