Mawaƙanmu Sun Koma Gona, Laifin Wa?

Duk wanda ya saba sujada a ƙauyukan Funtua, Bakori, Ƙafur da Malumfashi ya san abin da kan faru da zarar ruwa ya sauka. Kwaya mai mutum talatin da rani sai ta koma mutum shida. An daina koyon waƙa, gama kowa yana bayan garma tun asuba, ya dawo a gajiye, kuma a wasu wurare tsoron 'yan bindiga ya hana taron dare. Ranar Lahadi kuwa wannan ya ɗauko waƙa sama, wancan ya ɗauko ta ƙasa, mai ganga yana nasa gudun, jama'a na zaune suna kallo.

Da kaka kuma sai abin ya juye. Ranar godiyar kaka Zumuntar Mata za su yi uku, Sabon Rai su yi huɗu, matasa da yaran makarantar Lahadi su ma ba za a bar su a baya ba. Kafin fasto ya hau bagadi rana ta take, tsofaffi na gyangyaɗi, masu goyo sun fita. Maganar Allah da aka taru dominta sai a ba ta minti goma.

Mun sha jin ana cewa ai Ruhu ba ya son a ɗaure shi da tsari. Ba mu yarda ba. A 1 Tarihi sura 25 Sarki Dawuda ya keɓe iyalan Asaf da Heman da Yedutun domin waƙa, horarru 288, aka raba su ƙungiya 24, kowace mutum 12, aka jefa kuri'a domin kowa ya san lokacinsa, malami da almajiri duka. A sura 15 an ɗora Kenaniya bisa mawaƙa domin ya gwanance, ba domin ɗan gidan wani dattijo ba ne. Manzo Bulus ma, a 1 Korantiyawa 14, bai hana kowa kawo zabura ko koyarwa ba. Abin da ya nema shi ne a yi bi da bi, domin ikkilisiya ta ginu.

Amma wurin da ya fi taɓa mu manoma shi ne Nehemiya sura 13. Da Nehemiya ya komo Urushalima ya tarar Lawiyawa da mawaƙa sun watse, kowa ya koma gonarsa, saboda an daina ba su rabonsu. Ku lura, bai tsawata wa mawaƙan ba. Shugabanni ya kama da faɗa. Ya komo da mawaƙan bakin aikinsu, jama'a suka kawo zakar hatsi, ya kuma naɗa amintattu su lura da rumbunan.

To, mu fa? Muna iya sayar da buhunan masara mu sayi lasifika da janareto, amma mai koyar da waƙa, wanda ya bar shukarsa ciyawa na cinyewa, ko mudu ɗaya ba mu taɓa tuna shi da shi ba. Idan ya gaji ya daina zuwa, mu ce ya ja da baya cikin bangaskiya.

Ba albashi muke nufi ba, mun san ƙarfin baikonmu. Gayya dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Ikkilisiya ta fita rana ɗaya a noman fari ta nome gonar shugaban mawaƙa, kamar yadda wasu ke yi wa fasto. Sababbin waƙoƙi a koye su da rani, da damina a riƙe waɗanda kowa ya iya daga Littafin Waƙoƙi, har tsohuwar da ba ta karatu ta sa baki. Ƙungiyoyi kuma a raba musu Lahadi, biyu sun isa a sujada ɗaya, tulun Zumuntar Mata ba zai fashe ba don ya jira mako guda.

Dattawa su zauna kan wannan tun cikin Afrilu, kafin a fara sharar gona, sakatare ya rubuta jerin a manna a ƙofar majami'a.