Ku karanta kafin ku ƙyasta ashana

Wuta ta ɗauke a Sharada da azahar, injinan leda suka yi tsit, muka zube kan buhuna muna jiran a tayar da janareta. Na zaro littafina, bangonsa duk ya sha maiƙo. Wani dattijo da muke aiki tare ya tambaye ni labarin mene ne, na gaya masa. Ya girgiza kai ya ce, "Haba ɗana, da hankalinka? Ai irin waɗannan ne suka lalata mana yara."

Wannan magana na gaji da jin ta, kuma ban yarda da ita ba.

Littafin shi ne The Seven Husbands of Evelyn Hugo na Taylor Jenkins Reid, wanda ya fito a 2017. Evelyn tauraruwar fim ce a Amurka, 'yar asalin Kuba, ta sauya suna, ta rine gashi, ta yi aure bakwai. Sai da ta kai shekara 79 ta kira wata 'yar jarida ta faɗa mata cewa zuciyarta ta so maza, ta kuma so mace, kuma macen ce ta fi kowa. Na san matsayin addininmu da dokar ƙasa kan wannan, ba sai an tuna mini ba. Amma tun yaushe karanta labarin mutum ya zama yi masa mubaya'a?

Karatun farko gudu na yi, ina ɗokin jin sirri. A na biyu ne na lura da abin da ya fi tsaya mini a rai: yadda masu kamfanin fim ke juya mace kamar waina a tanda, su zaɓa mata wanda za a gan ta da shi, aure ya zama mayafin kare kasuwa. Ita ma Evelyn ba waliyyiya ba ce, ta taka mutane da yawa kafin ta hau. Wanda ya ga yadda ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau a 2016 kan bidiyon waƙa da ClassiQ ba zai ce wannan ciniki baƙo ne a Kano ba. Muna son tauraruwa, muna kuma son ranar da za mu jefe ta.

A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta cinna wa littattafan soyayya wuta a bainar jama'a. Tun kafin nan ake zargin su Balaraba Ramat Yakubu da ɓata tarbiyya, alhali Alhaki Kuykuyo Ne kukan matar da miji ya wulaƙanta ne. Da yawan masu tsinuwar ko shafi goma ba su buɗe ba.

To, an ƙona, sai me? Masaƙun Bompai da rashin wuta da atamfar Sin ta fasa-ƙwauri suka durƙusar ba su farfaɗo ba. Ruwan majemun Challawa bai daina wari ba. Uban da aka sallama daga aiki, ya kasa biyan kuɗin makaranta har 'yarsa ta ɗauki farantin talla, ba marubuciya ce ta rufe masa ƙofar masana'anta ba. Sai dai littafi ba shi da ɗan'uwa a gwamnati, shi ya sa hannu ya fi saurin kai wa gare shi.

Da janareta ya tashi, dattijon ya miƙe yana kakkaɓe wando, bai dube ni ba ya ce, "To su mazan bakwai, duk ba wanda ya gane?"