Gigin Tsufa: Wa Ke Tunawa Da Mai Jinya?

Kullum da la'asar sakaliya Gwaggo takan naɗe tabarmarta, ta ƙulle zannuwa biyu da carbi a cikin ɗankwali, ta nufi ƙofar gida. In aka ce, "Gwaggo, ina zuwa?" sai ta ce, "Gida mana. Awaki na can ba a ɗaure ba." Gidan da take nufi yana wani ƙauye a gefen Dajin Rugu. Mun ɗauko ta zuwa cikin garin Batsari a 2020, shekarar da 'yan bindiga suka afka wa Tsauwa da Dankar. Awakin kuwa ɓarayin daji sun daɗe da kora su. Mun gaya mata ya fi sau ɗari, kuma duk lokacin da muka faɗa sai ta yi kuka kamar yau ta fara ji. Daga baya muka daina. Yanzu cewa ake yi, "Bari a yi magariba tukuna, Gwaggo," sai ta zauna.

Mu a nan gigin tsufa muke ce masa, mu wuce. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu, marasa tsoron Allah kuma su laƙaba wa tsohuwa maita don an gan ta tana yawo da dare tana kiran sunayen matattu. Alhali ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho yake kamawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da shi, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda ake kira da sunan likitan Jamus, Alzheimer, wanda ya bayyana shi a 1906. Wani nau'in kuma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawo shi, kuma kowa ya san yadda hawan jini ya yi mana katutu tun da barci ya ƙaurace wa ƙauyukanmu. Likitoci sun ce canjin wuri yana ƙara rikita mai wannan ciwo. To ina ga tsohuwar da aka tsinko daga ɗakin da ta yi shekara hamsin a ciki, cikin dare, ana harbi?

Amma ba Gwaggo ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Matar yayana ce.

Ita ce mai jinya. Da tana suyar ƙosai a ƙofar gida, da shi take sayen sabulu da littattafan yara. Ta ajiye kasko tun ranar da Gwaggo ta miƙa hannu cikin tafasasshen mai tana cewa za ta wanke kwano. Yanzu aikinta wankin zannuwa da asuba, shanya ledar katifa, dama kunu a ba Gwaggo a baki, a kuma sha zagi, domin rabin lokaci Gwaggo kishiyarta take ɗaukarta, kishiyar da ta rasu tun ina yaro. Ta ɗaura gwangwani da tsakuwa a jikin ƙyaure don ta ji motsi in an buɗe da dare. A watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da Batsari da Safana, Gwaggo ta sulale da hantsi. Ba wayar da za a kira kowa. Da ƙafa aka bazama, sai bayan azahar wani mai itace ya dawo da ita daga hanyar daji, ƙullinta a ka. Daren nan na ji matar yayana tana cewa, "Ni dai da zan samu barcin dare ɗaya cikakke, da na gode Allah."

Mutanenmu ba marowata ba ne, wannan ko maƙiyi ya sani. An sha kawo wa 'yan gudun hijira hatsi da tabarmi, masu hali suna rabon abinci da azumi, 'yan siyasa ma suna nasu. Sai dai duk wannan taimako sai an bi layi ake samunsa. Wadda ke tsare da tsohuwar da ba a barinta ko na minti biyar, yaya za ta yi ta tsaya layi tun safe har azahar? Sunanta ba ya cikin jerin zawarawa, ba ya cikin na marayu, ita kanta kuma ba mara lafiya ba ce. Haka ake rabo a watse, ita tana tsakar gida tana wanki. Na tabbata akwai irinta a Runka, akwai a Ruma, akwai a Wagini da Zakka, kowace tana zaton ita kaɗai ce.

Shi ya sa nake ganin taimakon mai gigin tsufa ta hannun mai jinyarsa ya kamata ya bi, kuma a kai shi har gida. Ba wani abu mai tsada take nema ba: sabulu da omo, ledar shimfiɗa, famfas na manya in da hali, kuɗin mota zuwa Katsina a ga likita. Ganin likitan nan ba ɓarnar kuɗi ba ne. Gaskiya ne ciwon ba ya warkewa, amma akwai ruɗewar da ciwon sanyin fitsari ko ƙarancin sinadari a jiki ko tsananin damuwa ke haddasawa, ita kuwa tana jin magani. Ko awon jini da ƙwayar hawan jini a kai a kai sukan rage ɓarna.

Masallatanmu na Juma'a suna iya ware tarin Juma'a ɗaya a wata don wannan kaɗai, masu unguwanni su nuna gidajen, tunda sun san su ɗaya bayan ɗaya. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta duba ko matar da jinya ta raba da sana'arta ba ta cikin mabuƙatan da zakka ta halatta gare su. Ni a ganina tana ciki, malamai kuma su yi mana bayani a kan mumbari, su haɗa da tsawatarwa kan jifan tsofaffi da maita. 'Yan asalin yankin da ke Abuja da Kano da Legas, waɗanda ke tara kuɗi a WhatsApp don biki da suna, su buɗe asusu ɗaya na wata-wata, a riƙa bayyana abin da ya shiga da abin da ya fita. Dubu biyu da ke zuwa kowane wata ta fi wa mai jinya amfani a kan buhun da za a kawo sau ɗaya a ɗauki hoto.

Akwai kuma sadakar da ba ta cin ko sisi. Wata maƙwabciyarmu, dattijuwa, takan shigo ranar kasuwa ta zauna da Gwaggo, su yi ta ɓarar gyaɗa tana biye mata hirar mutanen da. Awa uku ke nan matar yayana take samu ta rufe ɗaki ta kwanta. 'Yan makarantun Islamiyya na matan aure za su iya tsara irin wannan a tsakaninsu, kowace da ranarta.

Mai karatu, a layinku akwai gidan da ake jin tsohuwa tana kiran wanda ya rasu. Wannan makon ka sayi sabulu ka yi sallama, ka gaishe da tsohuwar, sannan ka tambayi mai jinyarta yaushe rabonta da barci.