Kafin mu kawo dokin teku cikin falonmu

Mu mutane ne masu son kiwo tun asali. Daga tattabaru zuwa kanari, daga ragon layya zuwa tarwaɗa a tankin roba, da wuya ka shiga gidan Bahaushe ka rasa abin da ake ba tsaba ko dusa. Yanzu kuma wayar hannu ta kawo wa matasanmu sabon sha'awa: akwatin gilashi mai kifayen ado a falo ko a shago. Cikin abin da ya fi jan ido a bidiyoyin har da dokin teku, wani ɗan kifi mai kai irin na doki, yana iyo a tsaye, yana naɗe jelarsa a jikin ciyawa. Ra'ayinmu a kansa shi ne: wanda aka kamo daga teku kada mu saya sam, wanda aka haifa a gidan kiwo kuma ba na kowa ba ne.

Mu fara da na teku. Akwai nau'in dokin teku sama da 40 a duniya, kuma ɗaya daga cikinsu, wanda masana ke kira Hippocampus algiricus, a gaɓar Afirka ta Yamma yake rayuwa, har da ruwan Najeriya. Yawancinsu ragar jiragen kamun jatan lande ce ke kwaso su ba da niyya ba, sai a shanya su, a yi safararsu zuwa Hong Kong da Sin don haɗa maganin gargajiya. Abin ya yi yawa har yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta sa dukkan dawakan teku cikin jerinta a 2002, dokar ta fara aiki a 2004. A 2016 aka dakatar da Senegal da Gini daga fitar da irin namu na Afirka ta Yamma. Najeriya tana cikin wannan yarjejeniya tun 1975, tana kuma da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Oyingbo kasuwar busasshen kifi ce, ga Makoko ta masunta nan kusa da mu, ga tashar jiragen ruwa ta Apapa. Ɗan kasuwa ko ɗan dako da aka ce ya tara wa wani baƙo busassun dawakan teku a buhu don a ba shi la'ada, ya sani yana iya jefa kansa cikin shari'ar da ba zai iya fita ba. Wanda kuma masunci ya kawo wa mai rai a bokiti, ya sani irin wannan ya saba da farautar ƙananan halittu masu motsi, sau da yawa ba ya karɓar abincin da aka daskarar, a hankali yunwa za ta kashe shi.

Sai na gidan kiwo. Gaskiya ne akwai gonaki a Hawai ta Amurka da Tasmaniya ta Ostireliya da ke hayayyafa su. A wannan kifi namiji ne ke ɗaukar ƙwai a wata jaka da ke cikinsa har ya haife 'ya'yan. Waɗanda aka haifa a tanki sun fi juriya, sun saba da daskararren abinci, kuma sayensu bai rage na teku ba. Amma mu dubi abin da suke buƙata, mu gwada da halin da muke ciki.

Na farko, ruwan gishiri, kimanin giram 35 a kowace lita, kuma ba gishirin miya ba, wani haɗi ne na musamman da ake shigowa da shi. Biyu kacal suna son tanki mai cin lita fiye da 100, wanda aka bari ya yi makonni yana aiki kafin a saka su. Na biyu, sanyi. Masu kiwonsu suna riƙe ruwan tsakanin digiri 22 zuwa 25, domin zafi na haɓaka ƙwayoyin cutar da ke kashe su. Ɗakin Legas a watan Maris yakan wuce digiri 30, don haka sai da na'urar sanyaya ruwa. Na uku, abinci. Dokin teku ba shi da tumbi, abinci ba ya daɗewa a cikinsa, sai an ba shi ƙananan jatan lande sau biyu ko uku kullum, su kuma sai a firiza suke zama.

Duk waɗannan a kan wutar lantarki suka dogara, dare da rana. Mun san yadda wuta take a unguwanninmu, mun kuma san a Afrilun 2024 an ɗaga kuɗinta ga 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit. In famfon iska ya tsaya na wasu sa'o'i cikin zafi, kifin zai galabaita. In kuma mai gida ya tafi Kano ko Sakkwato yin Sallah na mako biyu, wa zai riƙa auna gishiri yana ba da abinci?

Wani zai ce kuɗinsa ne, sha'awarsa ce. Haka ne, ba mu hana kowa ba. Mai sola da batura masu ƙarfi, mai lokaci, wanda ya ga takardar shaidar cewa a gidan kiwo aka haifi kifin kuma da izini aka shigo da shi, yana iya gwadawa. Amma duk abin da ka tsare a gilashi ya zama amana a wuyanka, ba shi da hanyar neman abinci ko sanyi sai ta hannunka.

Ga sauranmu, shawara ita ce mu fara da kifayen ruwan daɗi irin su guppy da molly, masu arha da jure ɗumi. Mai son sha'awa da riba tare ya riƙe tarwaɗa, wadda ke shaƙar iska daga sama ko an ɗauke wuta. Iyaye su duba kafin yaro ya tura kuɗi ga mai talla a intanet. Shugabannin kasuwa kuma su ja kunnen yaran shago kan karɓar saƙon busasshen kayan teku da ba su san hukuncinsa ba.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya ba mu ikon riƙe amana.