Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kantin Magani Kan Maganin Kitsen Jini

'Yan'uwa masu harhaɗa magunguna da masu kemis,

Kun san dattijon da kan miƙo tsohon kwali ba komai a ciki ya ce, "Irin wannan za ka ba ni, kati ɗaya." Sau da yawa maganin rage kitsen jini ne, atorvastatin ko simvastatin, da likita ya ɗora shi a kai saboda hawan jini ko suga. Kitsen jini ba ya ciwo, shi ya sa idan aljihu ya yi rauni maganinsa ake fara ajiyewa, ba a tunawa da shi sai ɓarin jiki ya shanye. A kan wannan dattijo nake roƙonku.

Ku nemi takardar likita. Lasisin kemis bai ba da damar sayar da irin waɗannan magunguna ba, hukumar PCN ta bar su ga kantin da ke da famasis, kuma tura mai saye can ba faɗuwa ba ce. Takardar nan tana da dalili. Simvastatin ba ya shiri da clarithromycin ko erythromycin ko ketoconazole, haka nan ritonavir na masu ɗauke da ƙanjamau, domin suna hana hanta sarrafa shi, sai ya taru a jini ya lalata tsoka, daga nan ƙoda ta taɓu. Mai shan amlodipine, wanda masu hawan jini da dama ke kansa, bai kamata ya wuce miligiram 20 na simvastatin ba. Mai juna biyu ko mai shayarwa kuwa ta koma wurin likita tukuna. Ko a Ingila, inda aka yarda a 2004 a sayar da simvastatin mai miligiram 10 ba takarda, sai famasis ya yi wa mutum tambayoyi yake ba shi. Don haka ku tambaya: "Baba, ban da wannan, wane magani kake sha?" Ku kuma gaya masa, idan cinyoyinsa suka kama ciwo, fitsari ya yi duhu kamar shayi ba madara, ya dakata ya nufi asibiti a ranar.

Batun kuɗi ne ya fi damuna, kuma a nan ne amanarku take. Haƙƙin mallakar Zocor, wato simvastatin, ya ƙare a Amurka a 2006, na Lipitor, wato atorvastatin, a 2011, kuma yanzu kamfanoni da yawa na yin maganin da sunansa na asali a farashi mai sauƙi. Sinadarin ɗaya ne. Wanda ya san haka ya tura wa ɗan fansho mai tsada don ribarsa ta fi kauri, ya sani wata mai zuwa mutumin ba zai dawo ba, kuma ba warkewa ya yi ba. Ku ajiye masa kwali biyu a kan kanta, ku faɗi kuɗin kowanne, ya zaɓa.

Sai dai araha ba ta nufin jabu. Ku saya daga dillalin da ke da rajista, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, inda akwai lambar kankarewa ku kankare a gabansa ku tura saƙon.

Ku tambaye shi ko yana da inshorar lafiya, ta NHIA ko ta jiha irin KSCHMA a Kano, domin wani yana cikin tsarin amma bai taɓa tambaya ko maganinsa na ciki ba. Idan ƙwaya mai miligiram 40 ba ta ninka mai 20 a kuɗi ba, likita na iya rubuta babbar a riƙa rabawa biyu, amma shi zai yanke wannan, ba ku ba. Wanda kuka ga yana sha yau ya tsallake gobe don katin ya kai ƙarshen wata, ku rubuta wa likitansa 'yar takarda da sunayen masu sauƙin da kuke da su da farashinsu, ya tafi da ita ranar ganin likita.